Farin Fenti a Kan Dutsen Baftisma

Zan faɗi abin a jere yadda ya faru, domin an riga an karkata shi a bakin mutane.

Da muka fara sujada da Hausa a unguwar Bronx, a nan ƙasar Turawa, a falon mutane muke taruwa, yau gidan wannan, gobe gidan wancan. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. A nan na san wata tsohuwar Baturiya, 'yar wani cocin dutse da Ingilawa suka gina tun unguwar tana gonaki. Ita ta roƙi kwamitinsu suka ba mu wurin da yammacin Lahadi, bayan sun tashi. Ni aka danƙa wa makulli, a kan alkawarina cewa yadda muka tarar da wurin haka za mu riƙa barinsa.

Ranar da na karɓi makullin ta zagaya da ni, tana dogara sanda. Daga shiga ƙofa akwai dutsen baftisma, kamar babban turmi, launin toka, an sassaƙa ganyen inabi a jikinsa, tsufa ya kusa shafe shi. Ta ce ya girmi ginin nesa ba kusa ba. Daga cocin wani ƙauye a Ingila aka ɗauko shi a jirgin ruwa. A cikinsa aka yi wa uwarta baftisma, aka yi mata, aka yi wa ɗanta da ya rasu. Ta ce ko sabulu ba a sa masa, sai ruwa da tsumma mai laushi. Na maimaita wa jama'armu wannan a taro har suka fara yi mini dariya.

Sai Kirsimeti ya matso. A can gida kowa ya san al'ada: kafin biki ana shafe coci da farar ƙasa, har duwatsun bakin hanya ba a bari. Dattijon ikilisiyarmu, direban tasi ne, ya tare ni bayan sujada.

"Mama, ba ni makulli ranar Asabar mu share ɗakin Ubangiji."

"Shara kawai, Baba?"

"To me kuma? Rushe shi za mu yi?"

Ina da aiki ranar, na ba shi.

Lahadi da safe Rabaran ɗin Turawan ya kira ni, ya ce in zo yanzu. Tun daga matakala na ji warin. Dutsen ya yi fari fat, an ja masa shuɗi a baki. Fentin mai ne, irin na ƙofar shago. Ganyen inabin ya nutse gaba ɗaya. Tsohuwar tana zaune a bencin baya, sandarta a cinya, ba ta ko dube ni ba.

Na kira dattijon. Ya iso da babbar riga, yana murmushi, godiya ya zo karɓa.

"Mama, kin ga yadda ya fito? Sun bar shi shekara da shekaru kamar turmin gwauro."

"Baba, wa ya aike ka?"

"Sai an aike ni in gyara gidan Ubana? Shafi biyu na yi masa."

"Ban ce muku ko sabulu ba a sa masa ba?"

"Ai ban sa sabulu ba."

Da ya lura babu mai dariya, sai ya naɗe hannun riga ya ce a kawo kananzir da buroshin ƙarfe, yanzu zai kankare. Rabaran bai jin Hausa, amma ya gane, ya sha gabansa ya tsaya. Daga baya masu gyaran tsofaffin gine-gine suka duba, suka ce irin wannan dutse yana shan fenti, ko an cire ba zai koma yadda yake ba.

Kuskuren dattijon ya ƙona mini rai, amma abin da jama'armu suka yi ya fi shi. Babu wanda ya ce mu je mu ba da haƙuri. "Ai dutse ne," in ji su. "Turawa sun fi son dutse da mutum." Masu wannan magana su ne suka tura gudummawa aka rushe cocin ƙasa na ƙauyenmu, wanda iyayenmu suka kwaɓa da ƙafafunsu, aka dasa na siminti. Yau babu mai iya nuna bencin da ubansa ya zauna a kai. Mun share namu, mun zo ƙasar wasu mun shafe nasu, kuma muna jiran a ce mana sannu da aiki.

Kwamitin Turawan ya zauna a makon. Rabaran ya same ni a bakin ƙofa, ya yi magana da ladabi, ya miƙo hannu. Na sa masa makullin a ciki. Ban roƙa ba, domin alkawari na yi kuma an karya shi.

Yanzu muna sujada a wani ɗaki a unguwar Soundview, a saman shagon wanki, injuna suna ruri ƙarƙashin ƙafafunmu. A can aka yi wa jikata baftisma, a robar da muke wanke shinkafa. Dattijon ne ya riƙe robar.