Rubak Tadao da Mutum na Tara

Duk ranar wasa, kafin rana ta yi zafi, za ka tarar da Rubak Tadao, wato dattijo Tadao, a filin besbol na garin Koror, inda ake bugun ƙwallo da gora a zaga tasha-tasha, da tsohon buhu a hannu, yana tsane ruwan saman da ya kwanta a inda mai bugu yake tsayawa. In ya gama sai ya zauna kan akwatin kaya, ya jefa goron buuch a baki, ya tsara jerin masu bugu na ƙungiyar ƙauyenmu, Ngerkelau: wa zai fara, wa zai biyo. Tun ba a haifi yawancinmu ba yake wannan aiki, babu albashi. Bana gwiwa ta hana shi tsayuwa, ya ajiye.

Ba a taɓa yi masa tafi kan jerin nan ba, don a rumfar 'yan kallo kowa koci ne. Shugabanninsu biyu: Kodep direban tasi, da Mechas Dilmei, dattijuwa mai soya tama, irin fankenmu. In ya sa wane a na huɗu, su ce son kai. In ya cire shi, su ce tsufa.

Abin da ke damun Rubak daban ne. Samarinmu sun watse, wasu Guam, wasu Hawaii, wasu aikin soja. Bara mutum tara cif suka rage, kuma tara ake bukata a fili. Dokar gasar ita ce, ƙungiyar da ta kasa cika tara sau biyu a kaka ɗaya, a soke sunanta. Mun riga mun kasa sau ɗaya, ranar wata jana'iza.

A wasan ƙarshe sai aka wayi gari mu takwas. Uchel, gwaninmu mai bugu na huɗu, yana tuƙa jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, injin ya tsaya masa a hanya. Ya bugo waya cewa yana tafe. Alƙalin wasa ya ce tunda mu ne da bugun farko, a fara. Amma in aka fitar da mutum uku muka koma tsaron fili mu takwas, ko layi ya zo kan na tara babu shi, an tashi wasa.

Kodep ya sauko yana raɗa. "Rubak, ga ɗan ƙanwata ya zo daga ƙauyen Airai. Sa masa riga kawai. Wa zai sani?"

"Uwarsa za ta sani," in ji Rubak. "Koma ka zauna."

Da aka karanta jerin, rumfa ta kaure. Uchel na tara. Na ɗaya kuwa Haruo mai aski, mutumin da ya haura hamsin, tumbi a gaba.

"Haruo? Wanda sai ya huta tsakanin tasha da tasha?" in ji Kodep. "Rubak, buuch ɗin ne ya hau maka kai?"

"Ku bar tsoho," Mechas Dilmei ta ce da ƙarfi, "yau aski muka zo kallo!"

Rubak bai waiwaya ba. Ya riƙe hannun Haruo ya ce, "Ƙanena, yau ba gudu nake so ba, ba bugu ba. Zauna min a wurin nan kamar kana jiran mota."

Haruo ya ɗaure takalmi, ya goge gora, ya sake ɗaure takalmi. Jifan da ya zo daidai ya taɓa shi gefe, wanda ya kauce ya bi shi da kallo, har mai jifa ya gaji ya ba shi tasha ta farko kyauta. Masu haƙuri Rubak ya jera a gaba, masu zafin hannu ya tura baya. Matasan sun so su nuna kansu, shi kuwa yana ta girgiza musu kai.

Aka fitar da ɗaya, aka fitar da na biyu. Mutum na takwas yana tsaye, saura kuskure ɗaya, sai ga karen filin ya ratsa tsakiya yana bin wani tama da ya gangaro. Har yau Mechas Dilmei tana rantsuwa suɓuce mata ya yi.

Ana cikin korar kare Uchel ya diro daga bayan a-kori-kura, wando a jiƙe, silifa a ƙafa. Na takwas ya samu tasha, Uchel ya ɗauki gora, mutanenmu uku suna kan tasha suna jiran sa. Jifa uku, ya yi ta dukan iska, aka fitar da shi. A ƙarshe aka ci mu tara da uku.

"Da a na huɗu ya sa shi, da mun ci," in ji Kodep.

"A na huɗu yana tsakiyar teku, sakarai!" in ji Mechas Dilmei. Suna kan wannan gardama har gobe.

Rubak, kai ne ka yarda a yi maka dariya a wasanka na ƙarshe. Kai ne ka ƙi aron ɗan wani ƙauye, alhali da wuya a gane. Ba ka kawo mana kofi ba, ba za mu yi maka ƙarya a takarda ba. Amma jadawalin bana ya fito, kuma Ngerkelau tana ciki. Uban tara, mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya.

Ku kuma na rumfa, ƙungiya tana nan amma ba ta da koci, kuma wasan farko ranar Asabar ne. Duk wanda ya fi Rubak sanin wa ya dace da na huɗu, to ya sauko.