Tcholliré da Ta Ƙi Shiga Ordinatè

Shekarar da kawuna, mahauci a kasuwar Garoua, ya yi niyyar hajji, ni nake buga takardun maniyyata a wata ajans ta shirya tafiya hajji, wadda muke kiran mai ita patron. Ya tsufa, ƙafafunsa sun fara kumbura. Da bakinsa yake cewa in bai tafi bana ba, shi ke nan.

Ordinatè ɗinmu, wato kwamfuta, tana tura bayanan kowa zuwa babbar ma'ajiya a Yaoundé. A cikin manhajar akwai gurbin da ake gaya mata irin haruffan da za ta yi aiki da su. Mijin 'yar patron ne ya saita mana, ya rubuta a gurbin wani sunan haruffa da babu shi a duniya. Ita kuwa, maimakon ta ce ba ta san wannan ba, sai ta yi gum, ta zaɓi abin da ta ga dama. Wallahi shirun nan ya fi komai ƙona min rai. Ko jaki, in an yi masa lodin banza, turjewa yake.

Kawu haifaffen Tcholliré ne. In na buga sunan garin, a gabana daidai. In ya isa Yaoundé, harafin ƙarshe mai alama a ka ya zama tarkace. Sai su dawo da dosiye, wato fayil ɗin takardunsa, wai bai dace da fasfo ba. Na cire alamar, nan ma suka dawo da shi. Mutanen Maga kuwa, da yake sunan garinsu ba shi da alama, suka wuce sumul.

Da ƙyar na gano gurbin, amma a kulle yake, lambar sirri tana wurin surukin. Na ce wa patron, "Alhaji, don Allah a kira shi ya gyara."

Ya kawar da kai. "Haba! In ce wa surukina ya yi kuskure? Da wane baki? Bari ya zo gaisuwar Juma'a."

Juma'a ta zo. Surukin ya durƙusa daga bakin ƙofa, aka gaisa kowa kai a sunkuye, ya tashi ya tafi. Ba wanda ya ambaci ordinatè. Kai! Kamar in fasa ihu.

Patron ya gaya wa matarsa, ita ta gaya wa 'yarta, 'yar ta jira mijin ya ci ya ƙoshi. Kafin saƙo ya gama zagaye, an rufe karɓar dosiye. Sannan ya zo, ya goge kalma ɗaya, ya rubuta wata, Tcholliré ta shige lafiya lau.

Kawu bai yi min faɗa ba. Ya miƙo min haraminsa a cikin leda, ya ce, "Ɗana, ajiye min, sai baɗi."

Kafin baɗi, da haramin nan muka yi masa sutura.