Ban Ga Layi Ba

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a garinmu ya san idon hagun Madam Hajo. Kowace safiya sai ta tsaya gabanmu, ta runtse na dama, ta auna mu da ɗayan kamar mai harbin zabo. "Ban ga layi ba," abin da za ta ce ke nan. Ba duka, ba zagi. Mu yi ta gyara tsayuwa har gumi ya karyo mana.

Ba ta ƙyale kowa. Kun tuna ranar da mai duba makarantu ya zo daga Filinge a makare, ya tsaya gefe yana taɗi? Ta kira shi yadda ake kiran malami namiji da Faransanci, ta ce, "Mushe, ko ka shiga layi ko ka koma inuwa." Bawan Allah ya shiga bayan 'yan aji ɗaya don raha. Ta runtse ido, ta ce, "Layi ya yi, sai cikin mushe da ya hito." Wallahi sai da ya ja numfashi ya mayar da tumbin.

Ni kam na tsane ta, ba zan ɓoye ba. Rubutuna gangarawa yake yi, ita kuwa ba ta gajiya da sa ni sakewa.

Shekarar da za mu yi jarrabawar sartifika ta gama firamare, ruwan farko ya sauka ana gobe za a kai mu Filinge. Da safe Baba Arzika, mahaifina, ya saɓa sungumi, ya miƙo mini ƙwaryar iri. Inna tana jego, ni ce babba. Na san in motar da za ta kai mu ta tashi ba ni, karatuna ya ƙare. Ina bin sa, ina zuba iri a rami ina rufewa da ƙafa, ina kuka, sai ga Madam a bakin gona.

Baba ya ce, "Madam, ƙasa na da sanyi yau, jibi babu. Wa ka bi na da iri?"

"Ni," in ji ta.

Matar da ba mu taɓa ganin tafin ƙafarta ba ta tuɓe takalmi, ta karɓe ƙwaryar. Ko kallona ba ta yi ba. "Ke, tahi. Kuma ki miƙe rubutunki."

Kwana biyu ta yi tana bin Baba. Shi da ko 'yan bori suna shakkar muryarsa, har ya rasu yana ƙorafi: "Ban taɓa shan wuyar shibka irin wagga ba. In sara, ta runtse ido, 'Arzika, ban ga layi ba.' Na ce Madam, hatsi na, ba 'yan lakwal ba!" Amma da geron ya tsiro, har daga garin Tabla an zo kallon gonar.

Na ci jarrabawa. Yau ni ma malama ce. Da na dawo daga jarrabawar na tarar da ita tana ɗingishi, ƙaya ta yi mata kaca-kaca, kuma ba ta taɓa tada maganar ba. Ni ma tsoronta ya hana ni. Kullum ina cewa sai na je hutu zan yi mata godiya, har ranar da aka kira ni a waya.

Ƙanena ya ce a wurin sallar jana'izarta, da liman ya ce a gyara sahu, sai ga magidanta masu furfura suna leƙen kafaɗun juna, suna ja da baya, suna jan tumbi. Wani ya fara dariya, ta koma masa kuka.

Na gode, Madam. Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya makwancinki, ya tsayar da ke a sahun gaba.