Ƙwayar da Na Daka Na Yi wa Kaina Allura

A shekarun nan da hatsi ya yi tsada har tuwo ya koma sau ɗaya a rana, ni magidanci ne mai shanun huɗa biyu a wani ƙauye kusa da Makoɗa, kuma mai ji da kansa. Sau biyu kacal na ga malamin dabbobi yana yi wa shanuna allura, sai na sayi sirinji na ci gaba da yi musu da kaina. Maƙwabta suka fara kawo awakinsu suna kirana likita, ni kuwa ina amsawa ba kunya.

Ana dab da faɗuwar damina zazzaɓi ya kayar da ni. A ɗakin shan magani aka ba ni ƙwayoyi na kwana uku. Na raina su, don a wurinmu wanda ba a yi wa allura ba, kamar ba a duba shi ba ne. Ga gona tana jira. Sai na ce a raina, tunda ƙwaya sai ta yi yawo a ciki kafin ta kai jini, bari in rage mata hanya. Na daka guda biyu, na dama da ruwan randa, na zuƙa a sirinjin shanu, na soka a ɗuwawuna. Matata ta ce da shanun nan suna magana da sun hana ni. Na ce mata wannan harkar likitoci ce.

Kwana huɗu wurin ya kumbura kamar ƙwarya, ƙafa ta ƙi takuwa, zama ya gagara. Ranar da aka yi ruwan shuka kowa ya nufi gona, ni kuwa aka kwantar da ni rub da ciki a amalanke, shanuna suka ja ni zuwa bakin titin Bici. Duk wanda muka wuce sai ya tambaya ina za a kai likita.

Daga bakin titi mota ta kai ni asibiti, inda ma'aikaciyar jinyar da ta tsaga wurin ta ce da na ƙara kwana biyu, da wataƙila ƙafar ba ta tsira ba. Nan tsoro ya kama ni, na yi kuka a gaban matata. Ma'aikaciyar ta ce kowane magani da ƙofarsa. Ƙwaya an haɗa ta da wani gari don ciki, tsoka ba ta iya narkar da shi, ga ƙazantar ruwan randa da ta sirinjin. Na allura daban ake yin sa, haka na shafawa da na ɗigawa a ido, kuma allura ba ta fi ƙwaya daraja ba.

Ƙanena ne ya yi mini shuka a shekarar, ƙafa kuma ta tsira, alhamdu lillahi. Na yi nadama ƙwarai, na jefa sirinjin a masai. 'Yan'uwa, in an ce ku sha, ku sha, in an ce ku shafa, ku shafa, kada ku sauya wa magani hanya. Ni dai har yau a gefe guda nake zama kan tabarma, kuma duk ƙauyen sun san dalili.