Madubin Bindigar Tsoho Ngumbang

Tsoho Ngumbang, manomin masoro a garin Kapit, bai taɓa yarda da kyauta ba. Bindigarsa mai watsa harsashi ta gado ce, da ita yake korar aladun daji daga gona. Da idonsa ya yi rauni, surukinsa Lanying ya sayo masa madubin saiti, ya ɗaura shi can gaba a kan bindigar.

Tsoho ya ɗora ta a kafaɗa, ya miƙa wuya, bai ga komai ba. Ya ce, "Riƙe mu gani."

Lanying dogo ne. Yana ɗaga bindigar, madubin ya zo daidai idonsa.

"Baba, ai nan ake sa shi."

"Da wuyanka ka auna ke nan. Dawo da shi baya, mai bindigar bai mutu ba tukuna."