Jar Fitilar Ƙofar Shugaba

'Yata tana aiki daga gida da kwamfuta. Kusa da sunan kowane abokin aikinta akwai ɗan ɗigo: kore in yana nan, ja in ba ya son a dame shi. Ta nuna mini tana jiran in yi mamaki. Na ce mata namu ɗigon sai da aka fasa bango aka ja waya.

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa, ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Sakkwato. Kwangila ta yi yawa har ta rasa inda za ta sauka, sai aka kafa wa shugaban sashenmu fitilu biyu a saman ƙofarsa, makunnin kuma a ƙarƙashin teburinsa. Koriya, shigo. Ja, dakata.

Wanda ya kawo dabarar bai san ma'aikatan rediyo ba. Abin da aka fara koya mana shi ne, in ka ga jar fitila a ƙofar ɗakin watsa shiri, to ana magana kai tsaye, ko tari ne ya zo maka sai ka haɗiye abinka. Wannan ladabin muka kwashe gaba ɗaya muka kai ƙofar shugaba. Da ta yi ja, manyan mutane masu iyali sai su koma raɗa, suna tafiya da sanɗa.

Wata rana da hantsi wani soja ya kawo sanarwa daga gidan gwamnati, a karanta a labaran rana. Doka ita ce ba a sa maganar soja a iska sai shugaba ya gani. Wani abokin aikinmu ya taɓa yin gaban kansa, ya kwana a bariki, ya dawo da askin da bai nema ba. Ƙin karantawa ma laifi ne. Na fassara, na nufi ofishin shugaba, na tarar da ja.

Na tsaya. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na fasa.

Mai buga mana tafireta, wata dattijuwa 'yar Ƙofar Taramniya, teburinta na daura da ƙofar. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, mi kaka jira? Fitilar ta gaishe ka?"

Na raɗa mata, "Hajiya, ja ce."

"Na gani, ba makauniya nike ba. To ɗaga murya mana, babu wanda ka saurarenmu."

"Wa ke ciki?"

"Wani da jaka. Ko gwamna na, ai ƙwanƙwasawa ba harbi ba ce. Kai da ka yi ma lardi duka magana, katako ya gagare ka?"

Lokacin labarai na matsowa. Na shafa kaina, na tuna gashin abokina, na ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Ranka shi daɗe, takardar soja."

Na shiga. Shugaba na tsaye tsakiyar ofis, daga shi sai singileti da wando, hannuwa a buɗe. Wani tela daga Sabon Gari, fensir a bayan kunne, yana auna shi za a ɗinka masa kwat. Ba wanda ya yi dariya, har telan.

Ya ce, "Riƙe min ita in gani. In na motsa sai mu sake awo."

Na riƙe takardar a gaban fuskarsa, yana karantawa ana zagaya cikinsa da tef. Can ya tsaya.

"Wa ya ce maka gwamna Kanar ne? Tun jiya Birgediya ne. Su da suka rubuto sun manta, amma kai za a tuna."

Na ari fensirin tela na gyara a kan gwiwata. Na karanta labarai, na ba Birgediya dukan girmansa, na kwana a gidana a Mabera.

Washegari shugaba ya kira ni. Ya ce daga yau in na ga ja in ƙwanƙwasa, don yana ciki ke nan. Na ce to in koriya ce fa? Ya ce wannan kada in wahalar da kaina. Ita yake kunnawa in zai fita ta ƙofar baya ya je duba gininsa.