Wa ya ɗaure wuyan turumba? Shekara goma sha ɗaya bayan Usta Habu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Habu, wanda duk masu lambu a bakin kogin nan na Rusairis suke kira Usta Habu, wato gwanin sana'a. Ni ne mai alƙalami a gidanmu, amma ban taɓa rubuta komai a kansa ba, saboda rabin abin da ke bakina zargi ne. Matata ta daɗe tana cewa ni ko gaishe ni aka yi sai na binciki dalili, kuma ba ta yi mini ƙazafi ba. Bana dai wani abu ya faru da ya hana ni ci gaba da yin shiru.

Yaya Habu makanikin injin ban ruwa ne. Mu nan babur muke ce wa injin, famfon da yake juyawa kuma turumba. A ƙauyenmu gidaje da yawa ne suka haɗa hannu suka sayi babba guda ɗaya, aka gina masa ɗaki a gaɓar kogi, shi ke shayar da albasar kowa da tumatirin kowa. Tun ranar da aka kafa shi Yaya Habu ke kula da shi. Ya san muryar injin nan fiye da yadda ya san ta 'ya'yansa. Yana cikin cin tuwo sai ya tsame hannu ya karkata kunne wajen kogi, ya tashi ya nufi ɗakin inji.

Akwai wuri ɗaya a jikin turumba da ya jawo masa surutu duk tsawon aikinsa. Sandar ƙarfen da inji ke juyawa tana shiga cikin turumba ta wani rami, mu muna ce masa wuya. Ta nan ruwa ke neman hanyar fita. Abin da ke zaune wuri ɗaya ana iya liƙe shi a manta da shi, amma ita sandar juyawa take yi, ba a liƙe ta. Sai a naɗa mata igiyar auduga da aka dafa cikin kitse, a danne igiyar da murfi mai noti biyu. Yaya Habu ba ya taɓa ɗaure notin nan har ƙarshe. Yakan bar ruwa yana ɗiga kaɗan-kaɗan, yana cewa ɗigon ne ke sanyaya igiyar, idan ta bushe za ta yi zafi ta cinye ƙarfen.

Mutanenmu ba su taɓa yarda da wannan bayani har cikin ransu ba. A gabansa sai a ce Usta ya fi kowa sani. A bayansa kuwa cewa ake yi da gangan yake barin aiki a buɗe don a riƙa kiransa kullum. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na sha tsayawa ina kallon taɓon da ke ƙarƙashin turumbar ina mamakin makanikin da ya kasa tsayar da ruwa. Wanda ya fi kowa ƙorafi shi ne Alhaji Tambari, mai lambun da ya fi kusa da kogi. Ta gefen ɗakin injin hanyarsa take, kullum jakinsa sai ya zame a taɓon.

Shekarar da abin ya faru, ana tsakiyar zafi ne, albasa ta fara kai. Yaya Habu ya sake igiyar wuya, washegari aka kashe inji da rana kamar yadda aka saba, aka sake tayar da shi bayan azahar. Kafin la'asar hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Igiya ta ƙone, sanda ta yi ja ta karce ta lanƙwashe, ta ja wasu kayan ciki suka lalace tare da ita. Ba a samu irin sandar a kusa ba, sai da aka aika Hartum. Kafin ta iso, albasar gidaje da yawa ta kwanta a ƙasa. Akwai wanda ya sayar da awakinsa a shekarar, akwai wanda ya ɗaga auren ɗansa.

Ina wurin lokacin da Yaya Habu ya tsuguna gaban turumbar, jama'a sun kewaye shi. Notin nan biyu a ɗaure suke tamau. Na ga abin da shi ma ya gani: gefunansu duk sun sha cizo, alamar da filaya aka murɗa su. Yayana kuwa ko a mafarki ba ya kama noti da filaya, yana da sifana ta kowane noti, kuma ya sha korar masu koyon aiki a kan wannan. Na buɗe baki zan yi magana sai ya ɗago ya dube ni, irin duban da yake mini tun muna yara idan yana so in kama bakina. Ya miƙe ya goge hannu a rigarsa.

"Ni ay yi aikin," in ji shi.

Mutanen da jiya suke zarginsa da barin ɗiga, su ne suka koma cewa haushin ƙorafinsu ya ji ya ɗaure wuyan don ya nuna musu. Aka karɓe makullin ɗakin inji daga hannunsa. Ya koma kasuwa yana gyaran risho da facin taya. Mutumin da ake aiko wa da mota daga nesa ya zama mai jiran a kawo masa keke. Ciwon sukari ya same shi a haka, ya ci shi a hankali. Da jiki ya tsananta muka mayar da shi garinmu na asali, Wad Haddad, can ya cika.

Tun daga ranar hayaƙin nan zuciyata ta tsaya a kan Alhaji Tambari. Shi ne mai ƙorafi, shi ne mai bin hanyar kullum. Albasarsa ce kaɗai ba ta mutu ba, don yana da ɗan ƙaramin inji da ya tsoma a kogi, kuma a shekarar ya sayar yadda ya ga dama. Makullin da aka karɓe wa yayana kuwa hannun surukinsa ya koma. Na sha faɗa wa Yaya Habu haka. Amsarsa ɗaya ce, in bar Alhaji ya sha iska. Na ɗauka haƙuri ne irin nasa, wanda wani lokaci yake ba ni haushi fiye da rashin kunyar wasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga bakin kogin nan yau. Masu hali sun kafa famfon hasken rana, ba ƙara ba hayaƙi. Wuyan irin waɗannan da zoben roba da ɗan ƙarfe mai motsi ake rufe shi tun daga masana'anta, ba ya ɗiga ko kaɗan, ranar da ya lalace kuma sai a jefar a nemi sabo. Na san zai juya zoben a tafin hannunsa ya tambayi wanda zai gyara shi idan hanya ta rufe. Hanya kuwa ta rufe. Yaƙin da ake yi a ƙasar nan ya nuna mana haka, kuma tsohon baburinmu na haɗin gwiwa shi ne har yanzu ke ciyar da yawancin gidaje. Surukin Alhaji ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyaka, ɗakin inji ya zauna ba mai kula.

A daidai lokacin ne Mudassir, babban ɗan Yaya Habu, ya dawo. Garejinsa na birni ya ƙone, ya iso da mace da 'ya'ya uku da jakar sifanonin ubansa, ba ko tabarma. Aikin injin nan shi ne kaɗai abin da zai hana shi roƙo. Amma masu rabo a turumbar yanzu 'ya'yan waɗanda albasarsu ta mutu ne, sun tashi suna jin labarin a gidajensu. Suka ce sun gwammace su jira baƙo da su ba ɗan wanda ya ƙona babur makulli. Na ga yaron nan ya shigo zaurena ya zauna, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci, yana tambayata ko in san mai neman ɗan ƙodago.

Kwana kaɗan bayan haka Alhaji Tambari ya aiko a kira ni. Shekara da shekaru rabona da zaurensa. Na tarar ya tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya tafi. Bayan gaisuwa ya sallami kowa, ya ce in matso.

"Malam Sa'adu, na san abin da kaka riƙe da ni. Wallahi ba ni na ba. Amma na ga wanda yay yi."

Na ce ina jinsa.

"Tsohonku na. Baba Gafir. Yaz zaka bakin ruwa shi yi alwala, yag ga ruwa na zuba, yac ciro filaya ga aljihu nai. Ina bisa jakina ina kallo, ni ma na ɗauka gyara na. Da abin yaf faru Habu yat tadda ni gida, yas sa ni rantsuwa kar in hwaɗa ma kowa."

Lallai mahaifinmu yana garin a makon, ya zo daga Wad Haddad sunan jikarsa. Kuma duk wanda ya san shi ya san aikinsa. Gafir ne, wato mai gadin ƙofar ruwa a gonakin ban ruwa na Jazira, a kan haka ya tsufa. Can ƙa'ida ɗaya ce: ruwan da ya zube ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin wani ne ya tafi. Ƙofar da aka rufe ana murɗa ta ne har ɗigon ƙarshe ya tsaya, gafir ɗin da ya bar ƙofarsa tana tsiyaya kuwa ya zama abin kunya. Baba ba ya wuce ko tulu mai yoyo bai tsaya ba. Da ya ga aikin ɗansa yana zubar da ruwa a gaban jama'a, zai ɗauka rufa masa asiri yake yi. Na kuma tuna Yaya Habu da kansa ya raka shi tasha washegarin hayaƙin da sassafe, alhali an shirya zai ƙara mako, kuma har Baba ya rasu ba wanda ya gaya masa girman ɓarnar.

Komai ya zauna daidai, kuma abin da ya dame ni ke nan. Alhaji Tambari ya san Baba kamar yadda na san shi. Da ni ne nake neman wanda zan jingina wa laifi, ba zan sami wanda ya fi tsohon gafir dacewa ba, ga shi ya mutu, wanda aka ce ya sa rantsuwar ma ya mutu. Filaya kuwa kowane manomi yana da ita. Na tambaye shi me ya sa sai yanzu. Ya ce ya kusa tafiya, kuma ya ga 'ya'yan Mudassir suna tsintar ɓawon kankana a kasuwa. Wata ƙila haka ne. Wata ƙila kuma tumatirinsa ne ke neman ruwa, ga makaniki ɗaya tak a gari.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka zauna gindin bishiyar ƙofar masallaci, Alhaji ya maimaita maganarsa a gaban masu rabo. Can wani daga cikinsu ya juyo gare ni.

"Malam, mahaihinku na. Kai ka sanin halinai. Shina iya haka?"

Mudassir yana tsaye a bayan jama'a, kansa a ƙasa. Na san idan na ce ban yarda ba, magana ta mutu, shi kuma ya koma neman ƙodago. Na san kuma Baba ya yi shekara arba'in a bakin ƙofar ruwa ba a taɓa kama shi da ɓarnar ko loma ɗaya ta wani ba, da wannan sunan ya shiga kabari.

Na ce, "Halinai na. Shi yay yi."

A ranar aka ba Mudassir makulli. Inji yana aiki, ina jin ƙararsa daga inda nake rubutun nan. Yara sun koma makaranta. Mutanen da suka yi shekaru suna tsallake sunan Usta Habu yanzu har addu'a suke masa da ƙarfi don in ji, ni kuwa ina kallon bakinsu ina tuna abin da suka faɗa da shi a da. A kasuwa an fara ba da labarin tsohon gafir da filayarsa ana dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ubana ne.

Abin da ya rage mini na Yaya Habu wanda ba na shakka a kansa guda ɗaya ne: ba shi ya ɗaure notin nan ba, ya kuma san ba shi ba ne, amma ya ɗauka ya tafi da shi. Ko don Baba ya yi, ko don ya gaji da mutanen da ba su taɓa yarda da shi ba, wannan ya wuce sanina. Ina kewarsa, kuma ina jin haushinsa, domin da ya gaya mini kalma ɗaya da bai bar ni a hannun Alhaji Tambari ba.

Yaya, idan Alhaji gaskiya ya faɗa, to na tona abin da ka ƙare rayuwarka kana rufewa. Idan ƙarya ya yi, na taya shi ɗora wa mahaifinmu kayansa da bakina. Ɗanka dai yana ciyar da gidansa. Da hanya ta yi kyau zan hau mota zuwa Wad Haddad, inda kuke kwance kusa da juna kai da Baba, in nemi gafara. Har yanzu ban san da kabarin wa zan fara ba.